Tifar Ɗan Fari

Wanda bai taɓa yin dogon hutun makaranta da yara biyu a ɗaki biyu da falo a Riyad ba, kada ya zo yana yi mini wa'azin haƙuri. Ranar garin nan ba ta san wasa ba. Tun da hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ruwan famfo kuma ya fito kamar an sauke shi daga murhu. Ba tsakar gida, ba ƙofar gida, ba gidan maƙwabta da za ka kora yaro ya je ya yi ɓarnarsa a can. Daga ni sai su sai ƙugin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a hawa na uku na wani bene a unguwar Shifa.

A shekarar da nake magana, babban yana da shekara bakwai, ƙanwarsa huɗu. Waya ta so ta cinye mini su. In na ƙwace a yi ta kuka, in na bayar a yi wani irin shiru da ba na so, ido ya kafe, baki a sake, ka kira yaro sau uku bai san kana yi ba. Sai na tuna mu da muka tashi a gida ba wanda ya taɓa saya mana abin wasa. Mu mata muna gina tukwanen yumɓu muna tuƙa tuwon ƙasa, yayyena maza kuma suna gindin darbejiya da kara da reza, suna ƙera mota har da direba a ciki. Babu kara a Riyad, amma akwai kwali. Duk ranar da maigidana zai je kasuwar Aziziya sayo mana tumatir da albasa, sai in ce ya haɗo mini da kwalaye. Na ajiye wani tsohon bokiti a kicin, ina tara murafan robar ruwa, tsinken tsire, gwangwanin madara, zare, da duk wani tarkacen da mai hankali zai zubar.

Mun yi gini a falon nan. Mun gina bene mai hawa huɗu, mun gina masallaci da hasumiyar kwalin tishu, mun gina shagon baƙala, irin na kayan masarufi, har da ma'auni. Ƙaramar aikinta shafa gam, rabi a kwali rabi a gashinta. Babban kuwa hannunsa na da kyau tun asali, in ya yanka layi sai ka ce da ma'auni ya yi. Inda muka samu matsala shi ne mota. Ni dai motar da na iya, in manna mata murafai huɗu a gefe in ce ga taya. Ya yi mini kawaici kwana biyu, ran na uku ya tura ta a kan tayil, ta ja ciki ta tsaya. Ya dube ni ya ce, “Umma, hadi ma tamshi.” Wai wannan ba ta tafiya. Larabci ya fi zama a bakinsa, in abu ya dame shi da shi yake fara faɗa.

Abin haushin shi ne kafinta nake aure. Mutumin da ke wuni yana kafa ƙofofi da kabad a gidajen da ake ginawa, wanda in ya shafa katako da tafin hannu zai gaya maka inda zai tsage. Ƙaramar ba abin da bai ƙera mata ba. Gadon 'yar tsana, kujera 'yar mitsitsiya, har da wani ɗan tsani da ban san amfaninsa ba har yau. In ya dawo daga aiki tun daga ƙofa take hawa wuyansa, ta ja gemu, ta zura hannu a aljihu, shi kuma yana dariya har da ƙyaƙyatawa. Babban yana tsaye a gefe ya ce, “Sannu da zuwa, Baba.” Sai ya amsa da “Yauwa,” idonsa a kan takalmin da yake cirewa.

Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. Maigidana ɗan ƙauye ne na gaske, daga gidan da uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi. Ga shi kuma yaron sunan kakansa ya ci, mahaifin maigidan, kunya ta zama biyu. Ko laƙabin da muke kiransa da shi ba ya iya faɗa. Sai dai “kai,” ko “yaron nan.” In za su masallacin Juma'a, yana gaba yaron na biye a baya, kamar waɗanda hanya ce kawai ta haɗa.

Ni ma haka aka rene ni, ban taɓa jin sunan babbar yayarmu a bakin mahaifiyata ba. Amma ni a nan na haihu, ba uwa, ba goggo, ba wadda zan miƙa wa jariri in kau da kai. Wanda ke wanke kashin yaro da kansa dare da rana, kunya ba ta daɗewa a jikinsa. Tawa ta zube tun kafin arba'in.

A gida wannan al'ada ba ta cutar da kowa. Ɗan fari ai ɗan kaka ne, ɗan baffa, ɗan kawu. Kafin ya lura ubansa ba ya ɗaukarsa, hannu goma sun ɗauke shi sun shagwaɓa shi. To a hawa na uku a Shifa wa ke akwai? Ni na san mutumin yana son ɗansa. Ranar da yaron ya yi zazzaɓi mai zafi bai je aiki ba, ya ce wai bayansa ke ciwo, ya wuni yana zarya tsakanin falo da bakin ƙofar ɗaki, mai ciwon baya. Amma yaro ba ya cin abin da aka ɓoye masa a zuci.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wani Basudane ce, mai ɗa sa'an nawa. Kullum da yamma muna jin su a matakala, ya saɓa yaron a kafaɗa, yana sumbatarsa yana kiransa da sunaye masu daɗi. Nawa yakan buɗe ƙofa kaɗan ya leƙa. Na sha ganinsa, na yi kamar ban gani ba.

Wata rana muna zaune a ƙasa ina riƙe masa kwali yana yankawa, bai ɗago kai ba ya ce, “Umma, lesh Baba ma yihibbni?” Me ya sa Baba ba ya sona. Ya faɗe ta ne a hankali, irin faɗar wanda ya riga ya gama yanke hukunci, dalili kawai yake nema.

Na ce, “Wa ya gaya maka? Babanka na sonka fiye da kowa. Kunyarka yake ji, don kai ne na fari.” Na shiga yi masa bayani, na kawo kakanni, na kawo ƙauye, na kawo yadda ake yi a gida. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “To me na yi masa?” Ya ci gaba da yankansa. Ban taɓa jin bakina ya yi mini rashin amfani irin na ranar ba.

Washegari bayan sallar asuba, yara ba su tashi ba, na kawo wa maigidan shayi na zauna a gabansa. Na gaya masa abin da ɗansa ya ce, kalma da kalma. Ya daɗe yana juya cokali a kofin da sukarinsa ya riga ya narke.

Ya ce, “Ni mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Kin ga na lalace?”

Na ce, “Ba ka lalace ba, Malam. Wa ya koya maka ƙera motar kara?”

“Baffana.”

“Wa ke goya ka a keke ranar kasuwa?”

“Shi ne dai.”

“To shi wannan ina baffansa? A nan kai ne uban, kai ne baffan, kai ne kakan. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.”

Ya shanye shayinsa, ya ɗauki jakar kayan aiki ya fita. Na bi bayansa da harara har ƙofa ta rufe, don na san halin kayana, ba a taɓa kayar da shi a magana ya yarda a ranar ba.

Bayan 'yan kwanaki na je zuba murafai a bokitin nan, sai na ga guntayen katako a ciki. An goge su sumul, ba ko tsini ɗaya da zai soki yaro. Washegari na ga tayoyi na katako, zagayayyu, kowace da huda a tsakiya. Daga baya ga ƙananan ƙusoshi a ƙulle a leda, ga wata 'yar guduma mai gajeren ƙota. Na tambaye shi, ya ce tarkace ne aka zubar a wurin aiki, ya ga ina tara shara shi ya sa ya kawo. Na ce lallai masu ginin nan akwai almubazzaranci, har da zubar da taya mai huda. Ya yi kamar bai ji ba.

Yaron ya zazzage bokitin, idonsa ya yi haske. Ya ce tifa zai yi, irin waɗanda ke kwasar ƙasa a bayan unguwarmu, wadda bayanta ke ɗagawa. Ya ɗauka ni na samo masa kayan. Na ce babansa ne ya kawo. Ya ce, “Ai na ji, ya ce shara ce.”

Daga nan muka shiga wani sabon salon wahala. Da yamma maigidan zai zauna a kujera da kofin shayi, ya juya gefe kamar yana sauraron labarai a waya, alhali wutsiyar idonsa na kan tifa. Yaron ya ɗauko gam zai manne taya da sandarta. Sai in ga ƙafar mutumin ta fara rawa. Can sai ya kira ƙaramar ya ce, “Je ki gaya wa yayanki, in ya manne nan ba za ta juya ba. Ya zura sandar cikin robar zuƙar lemo tukuna, robar zai manne.” Tsakaninsa da yaron bai fi taku uku ba. Ita kuma 'yar aike ta taka ta je ta ce, “Yaya, Baba ya ce ka sha lemo.” Ni ina kicin ina cije leɓe, dariya na cina, haushi na cina.

Yaron yana jin komai da kunnensa, kuma yana bin abin da aka ce. Tayoyi suka juya. Amma na lura duk lokacin da aka aiko masa da saƙo ta bakin ƙanwarsa, sai ya ƙara sunkuyar da kai. A ganinsa abin ya kai har magana ma ba a son yi da shi. Gyaran da uban ke yi, ƙara ɓata lamarin yake.

Aiki ya zo kan akwatin bayan tifar, inda dole sai an kafa ƙusa. Nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai wani ya haɗa katako biyu ya riƙe, ya tsayar da ƙusa, sannan mai guduma ya buga. Ni ce mai riƙewa, kuma Allah ya sani ba na riƙewa da kyau, don kafin guduma ta sauka na janye hannu. Ƙusoshi suka yi ta lanƙwashewa. Muka bar shi a kan sai Juma'a.

Juma'a ce kaɗai ranar hutun maigidan. Tun daren Alhamis na kwaɓa lallena na ajiye. Suna fita masallaci na zauna na ƙunsa wa ƙaramar hannu biyu, na ɗaure mata da leda. Na kira matar Basudanen nan ta ƙunsa mini nawa, har wuyan hannu, ta ɗaure tam. Ta ce wane biki ake yi, na ce bikin gida ne. Abinci na riga na zuba na rufe. Da suka dawo suka tarar da mu zaune mun miƙe hannuwa kamar masu jiran sadaka.

Bayan an ci abinci yaron ya jawo kayansa tsakiyar falo. Ya ce, “Umma, yalla, riƙe mini.”

Na ɗaga masa ledojina. “Da wane hannun? Sai la'asar zan cire, in na cire yanzu bai kama ba.”

Ya dubi ƙanwarsa, ita ma ta ɗaga nata tana dariya. Bai dubi kujerar da ubansa ke zaune ba. Ya durƙusa, ya matse katakon da gwiwoyinsa, ya riƙe ƙusa da hagu, ya ɗaga guduma. Katako ya zame. Ya sake haɗawa, ƙusa ta faɗi. Ya sake, ta shiga a karkace ta fasa gefen katakon. Ba ya kuka, yaron nan, sai dai hancinsa ya riƙa buɗewa yana rufewa. Ni kuwa na kafa wa bango ido, na ce a raina yau ko ni ko mutumin nan.

Maigidan ya yi gyaran murya. Ya dubi ƙaramar, ya ga ba ta da hannu. Ya dube ni, na ƙi yarda mu haɗa ido. Labarin zuciya a tambayi fuska, ya gane sarai abin da na shirya. Na ji ya ajiye kofi a kan tebur. Ya tattare rigarsa ta Juma'a, ya sauko ya zauna a ƙasa, gwiwarsa na taɓa ta yaron.

Ya karɓi katakon biyu ya haɗa bakinsu, ya danne da tafin hannu, ya ɗauki sabuwar ƙusa ya tsayar da ita tsakanin babban yatsa da manuni. Na san yana da dabarar da zai riƙe ƙusa ba da yatsa ba, na sha ganin yana soka ta a guntun kwali in wuri ya matse. Ga kwali nan ko'ina a falon. Da yatsunsa ya riƙe.

Ya ce, “Buga.”

Yaron ya tsaya da guduma a sama. Ya buga a hankali, ƙusa ta ɗan kama. Ya ƙara, ta shiga. Daɗi ya kama shi, ya ɗaga da ƙarfinsa duka ya sauke, guduma ta kauce ta sauka a kan babban yatsan ubansa. Har inda nake na ji ƙarar.

Yaron ya saki guduma, ya ja da baya, ya haɗa hannuwa a ƙirji. Na ga jijiyar wuyan maigidan ta tashi, na ga ya runtse ido ya buɗe. Hannun kuwa yana nan inda yake, yatsun na riƙe da ƙusar.

Ya ce, “Ɗauki. Kan ƙusar za ka duba, kada ka dubi hannuna.”

Yaron ya ce da Larabci yana tsoron kada ya sake buge shi.

Ya ce, “Ai hannuna ne. Buga.”

Ya ɗauka ya buga. Suka gama wannan, suka kafa ta gaba, suka juya akwatin suka kafa na ɗaya gefen. Farcen ya yi ja, ya koma baƙi muna kallo. Ba su yi wata hira ba, daga “nan” sai “ya isa” sai “kawo wata.” Da suka ɗora akwatin a kan tifar, uban ya nuna masa da yatsa inda zai sa ƙusa ɗaya ta kowane gefe don bayan ya riƙa ɗagawa. Yaron ya cika ta da murafai, ya tura ta har bakin kicin, ya ɗaga bayan, murafai suka zube a kan tayil. Ƙaramar ta yi ta tafi da ledoji.

Maigidan ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya koma kujera ya ɗauki shayinsa da ya huce. Ya juya gefe ya ce mini, “Ki ce wa yaron nan ya tsince ƙusoshin, kada wani ya taka.”

Na ji kamar in jefe shi da filo. Duk wannan shiri, duk wannan zama da hannu a leda cikin zafi, ashe mun koma gidan jiya. Na tashi na shiga banɗaki raina a ɓace, na tsaya gaban famfo ina ƙoƙarin kwance ɗaurin da haƙori.

Sai ga yaron ya biyo ni. Ya tura ƙofa ya rufe, ya kama hannuna ya fara kwance mini ledar a hankali, yana bin ƙullin da farce. Bai dube ni ba.

Ya ce, “Umma, na buge shi da ƙarfi.”

Na ce, “Na gani.”

Ya zare ledar, ya kama ɗaya hannun. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai gaya mini sirrin da ba ya so a ji a falo, “Bai cire hannunsa ba.”

Na so in share idona, hannuwana duk lalle ne. Sai na bar hawayen suka zuba, shi kuma ya buɗe mini famfo.